Kwamfutar Da Ta Ƙi Tashi

Injiniya ya zare faifai na ƙarshe, ya danna maɓallin kunnawa, ya jira. Fankar ciki ta yi gurnani, allon ya yi haske, sai kuma ya koma baƙi ƙirin. Layi ɗaya ne rak a can kusurwa, wai ba a sami abin da za a tashi da shi ba.

Ba injiniyan takarda ba ne, 'yan kasuwa ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma ya riƙe hannu bibbiyu. Da kwamfutar kwastoma ce, da tsaki kawai zai ja. Amma wannan ta marigayiya matarsa ce, kuma duk bidiyoyinta a ciki suke, babu su a ko'ina. 'Yarsu Auta ce ta shiga kwas ɗin da ke buƙatar wata babbar manhaja, irin wadda kwamfuta ke tashi da ita. Malaminsu ya ba su faya-fayai, ta roƙi ubanta ya saka mata sabuwar kusa da tsohuwar, kowacce da ɗakinta a rumbun ajiyar kwamfutar.

"Baba, ka kwashe bidiyon Umma tukuna," ta ce masa da safe.

"Ni za ki koya wa aiki?" ya ce. Mutumin da kullum yake yi wa kwastomomi wa'azin su riƙa kwashe kayansu kafin a taɓa na'ura ke nan fa.

Ya shiga saitin farko ya sauya jerin tashi, bai yi ba. Ya hura faifan, ya goge shi da bakin riga. Ya kwance bayan kwamfutar, ya cire rumbun ajiya ya mayar. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya leƙo yana murmushi.

"Yau kuma mai gyara ne ke neman mai gyara?"

Ko kallonsa bai yi ba. Gumi ya riga ya jiƙa masa wuyan riga.

Ya mayar da faifai na farko, ya zaɓi gyaran tashi. Wannan karon ta amsa. Sabuwar manhaja ta hau tsaf, launi shar, kamar ba ita ba. Sai dai ba ta tambaye shi tsohuwa ko sabuwa ba, kuma ya kamata ta tambaya. Ya buɗe taswirar rumbun. Ɗaki ɗaya ne, daga wannan bango zuwa wancan.

Nan ya tuna. Lokacin da faifan ya tambayi inda za a saka, wata mata na tsaye a kansa tana mita a kan batirinta. Kwastomominsa duk magana ɗaya suke yi, a wanke musu na'ura tas. Yatsansa ya yi abin da ya saba yi kullum, bai ko shawarci idonsa ba.

Ya gwada manhajar tono abin da aka goge. Sabuwar ta riga ta zauna daram a kan bidiyoyin. Bidiyo ɗaya ne ya yarda ya buɗe, shi ma koren dabbare-dabbare ne, babu fuska, babu murya. Ya zauna yana kallonsa har ya ƙare.

Can ya hango Auta tana ratsowa tsakanin rumfuna da jakarta. Ya kashe kwamfutar, ya sa hannu ciki ya zare wayar rumbun, ya rufe.

"Sannu da aiki, Baba. Ta yi?"

Ya danna maɓallin a gabanta. Allo baƙi, da layin nan na kusurwa.

"Tashi kawai ta ƙi yi," ya ce. "Suna yin haka."

"Amma Umma na ciki ko?"

"Tana ciki."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta goge allon da gefen mayafinta a hankali.

"To kar ka yi gaggawa, Baba. Kwas ɗin zai jira. Ka bi ta sannu."

Ya ce to. Ya ɗauki kwamfutar ya ɗora ta a kan kantar can sama, cikin waɗanda ya san ba za su gyaru ba.