Kofin da Ke Saman Kabad

Duk wanda ya san Sifana ya san magana ɗaya ce a bakinsa: in ka ga yoyo, fara rufe ruwa. Mai gyaran famfo ne, sunan ma daga sifanar da ba ta barin aljihunsa na baya ya samo shi. Da wannan maganar ya ci abinci shekara da shekaru, ya ceci silin ɗin mutane da katifunsu. Kuma ita ce ta so ta kashe masa 'ya.

Matarsa ta tafi wani gari jinyar mahaifiyarta, wadda ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, asibitin kuma ba sa barin a shiga da yara. Ta bar masa Jela, 'yarsu tilo, da ba a daɗe da yaye ta ba. Jela ake ce mata don duk inda uban ya sa ƙafa tana bayansa, tana jan tsumman goge hannunsa a ƙasa. Har bakin ƙofa matar tana jero masa bayani, shi kuwa sai dariya yake.

"Maman Jela, mutumin da ya haɗa ruwan bene guda, yarinya ɗaya ce za ta gagare shi?"

Da farko kam ba ta gagare shi ba. Sai gudawa ta zo. Ya ba ta ruwa, kafin ya ajiye kofi ruwan ya fito ta ƙasa. Ya dama mata madara, ita ma ta bi sahu. Ya wanke kunzugu har igiyar shanya ta cika, ya fasa fita aiki, ya zauna a bakin gado yana kallon yarinyar da idon sana'a. Ana zubawa ta sama, yana tsiyaya ta ƙasa. To wane mahaukaci ne zai ci gaba da zubawa? A rufe, a bar cikin ya bushe, in ya kama jikinsa sai a sake buɗewa. Wallahi ba mugunta ba ce. Sonta ne ya hana shi zama, sai ya ɗauko abin da ya iya.

Matar tela, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta ga halin da ake ciki. "Baban Jela, da ka riƙa ba ta ko ɗan ruwa-ruwa ne."

"Sai cikin ya huta, Yaya. Ni na san abin da nake yi."

Tunda 'yar ba tata ba ce, sai ta koma ɗakinta.

Akwai wani jan kofin roba mai hannu biyu, na Jela ne ita kaɗai. Da ta dame shi da nuna shi, sai ya ɗauke ya ɗora saman kabad, ya tura shi can ciki. A banza. Ta ga inda ya sa. Ta dafa jikin kabad ɗin ta miƙe, ta ɗaga hannu sama tana "Baba, Baba," ta juyo ta kalle shi, ta sake nunawa. Amma ya dake. Ya saɓa ta a kafaɗa yana zagaya ɗaki, yana ce mata haƙuri, gobe za ta sha har ta ture. Abin da kawai ya yarda da shi shi ne ya jiƙa yatsa ya shafa mata a leɓe, ita kuwa ta kama yatsan tana tsotsa.

Washegari da hantsi abin ya yi kamar ya ci. Gudawar ta ja baya, kunzugu a bushe ƙamas, kukan ma ya tsaya. Jela na kwance shiru. Sifana har da ɗan murmushi lokacin da wayar matarsa ta shigo, yanzu ne ma ya ga ya dace ya gaya mata.

"Ta ɗan yi gudawa, amma na shawo kanta. Tun jiya ba ta ɓata ko kunzugu ɗaya ba."

Matar ta ce, "Fitsari fa?"

"Shi ma babu. Ai na ce miki komai ya tsaya."

"Me take sha?"

Ya gaya mata. Tun bai kai ƙarshe ba ya ji muryarsa tana raguwa da kanta.

"Kara mata wayar in ji ta."

Ya kara. Uwar ta yi ta kiran sunanta. Jela ta buɗe baki, wani ɗan sauti ya fito siriri, babu ƙarfi, babu hawaye ko ɗigo. A lokacin ne ya kalle ta da idon uba. Idanunta sun faɗa ciki. Leɓenta ya tsage. Hannun da ke jan tsumma yana yashe a kan zanin gado.

"Baban Jela," in ji matar, a hankali, "ɗauke ta yanzu. Kar ka nemi takalmi. In ka bari na rasa yarinyar nan ina nan..."

Ya zabura ya lalubo kofin daga saman kabad, ya cika, ya kai mata baki. Ruwan ya bi gefen kumatunta ya sauka a wuya. Ba ta ko motsa harshe ba. Ya cusa kofin a aljihu, ya sungume ta, ya fita titi yana tare motoci da jikinsa.

A asibitin unguwa nas ɗin da ta karɓe su ba ta tsaya tambayar kati ba. Ta tsunkuli fatar cikin Jela ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, da ƙyar ta koma.

"Yaushe rabonta da shan wani abu?"

"Jiya da safe, Sista."

"Ƙi ta yi?"

Da ya ce e, da an wuce wurin. "Ni na hana ta," ya ce.

Ta ɗago ta kalle shi, ba ta zage shi ba, kuma da zagin ya fi masa sauƙi. "Ruwan jikinta ne ke fita, malam. Ko ka ba ta ko ka hana ta, fita zai yi. Riƙe min hannunta."

Aka shiga neman jijiya. An soka a bayan hannu, babu. An koma ɗaya hannun, babu. Jijiyoyin sun lafe. Abin da ya fi kashe shi, ana soka mata allura ba ta ko janye hannu. Ya ji yana roƙon Allah ta yi ihu, ta cije shi, ta yi komai. Sai a ƙafa aka samu, bayan an kira wata nas ɗin. Aka rataya ledar ƙarin ruwa. Mutumin da duk rayuwarsa in ya ji ɗigo sai ya tashi ya kashe shi, ga shi zaune ya ƙura wa ɗigo ido, yana jin kamar ya matse ledar da hannunsa.

"Abin da muke jira fitsari ne," in ji nas. "In ta farfaɗo ta iya haɗiya, ga ruwan gishiri da sukari. Cokali-cokali. In ta yi amai ka ɗan dakata, ka ci gaba. Kar ka daina."

Rana ta karkata. Wayarsa na ta ruri, matarsa na hanyar dawowa, tambayarta ɗaya ce kullum: ta yi? Ya ɗora Jela a cinyarsa da igiyar ruwan a ƙafarta, yana taɓa kunzugun yana sake taɓawa. Can ta motsa baki. Ya ɗiga mata cokali, ta haɗiye. Ya ƙara. Ta amayar, hannunsa ya tsaya cak, tsohon tunanin ya taso masa, ya danne shi ya ci gaba. Wajen la'asar ya ji wani ɗumi yana ratsa wandonsa. Ɗan kaɗan ne, ja-ja, mai zarni. Ya kifa kansa a ƙarfen gado ya yi kuka a gaban mutane, bai damu da kowa ba.

Da idonta ya washe, sai ya tuna da kofin. Ya ciro shi, ya ɗauraye, ya zuba mata ruwan kaɗan. Ta kama shi da hannu biyu ta shanye tas. Ya miƙa hannu zai karɓa ya ƙara mata.

Jela ta kalli hannun. Ta ƙanƙame kofin a ƙirjinta, ta juya masa baya.

"Ƙara miki zan yi," ya ce. "Wallahi ƙara miki zan yi."

Ba ta saki ba. Sai da nas ta zo ta miƙa nata hannun, sannan ta ba ta.