Gorar da Ba Ta Faɗi Ba

"A duk ƙasar Kano, daga Tofa har Watari, babu mahaluƙin da ya fi ni sanin yadda ake kafa gorar ruwa a jikin keke ta zauna daram."

Haka na faɗa a bakin maƙerar Muntaka, kuma ban yi dariya ba. Ina da digiri a fannin kimiyya, ina koyarwa a sakandare, ga zanena a hannu, na rattaba sunana a ƙasansa har da kwanan wata.

Muntaka ya saki zugazugi, ya karɓi takardar, ya juya ta sama da ƙasa.

"Malam Abdulƙadir, wannan ai marin ƙafa ne, ba mazaunin gora ba."

"Kai dai ƙera."

Baba Kallamu, maƙwabcina, wanda saboda shi ake wannan zama, yana tsugune riƙe da kekensa. Ya ce, "Ni dai ta daina faɗuwa. Ko marin ne a sa mata."

Shekarar ce da fetur ya fi ƙarfin talaka. Baba Kallamu ya jingine babur ɗinsa a zaure, kaji suka mayar da shi ɗakin kwana, ya sauko da tsohon kekensa daga rataya. Yana da ɗan fili a Watari inda yake noman albasa da rani, tafiyar kusan awa biyu. Yana kuma da ciwon suga, an gaya masa a asibiti kada ya yarda ƙishirwa ta kama shi a hanya. Hanyar kuwa rami ne ke bin rami. Ya ɗaure gorarsa da igiya, ta sulluɓe. Ya ɗaure da robar tsohon tub, rana ta cinye robar. Ya rataya ta a leda, ledar ta fashe. Goruna uku hanya ta ci masa, a lokacin da gorar roba ko fanko ce dukiya ce.

Shi ne na tausaya masa da ilimina. Zobba biyu na ƙarfe, noti mai kunnuwa da ake murɗawa da hannu, murfin gorar kuma ya tokari sandar keke ta sama, yadda ba zai buɗu ba sai an ciro ta.

Muntaka ya ce, "Idan rana ta bugi roba, kumbura take yi. Ƙarfe kuwa ba ya ja da baya. A bar mata sararin yatsa ɗaya."

"Muntaka, ka taɓa karanta abin da kimiyya ta ce game da girgiza?"

"A'a. Na dai taɓa hawan keke."

Ya ƙera yadda na zana, babu ragi. Kwana tara Baba Kallamu yana zuwa yana dawowa da gorarsa. Ni kuma kwana tara ina tare mutane a ƙofar masallaci ina nuna musu.

Rana ta goma, tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko ƙadangare ba ya tsallaka hanya. Bayan azahar matarsa, Ya Falta, ta yi magana ta bayan katanga.

"Malam, maigidan bai dawo ba."

"Yana tafe. Wataƙila taya ce ta yi faci."

Na koma kan tabarma, na kasa zama. Na fita bakin hanya, na dawo. Na ɗauki littattafan ɗalibai, na ajiye. Na sake fita. Sau huɗu ina wannan zirga-zirga, mai shayi har ya tambaye ni ko na yar da wani abu.

Gab da la'asar Ja'afaru mai amalanke ya shigo gari, shanunsa na kumfa. Baba Kallamu na kwance a kan buhunan taki, keken a gefensa. A gindin wata ɗorawa ya tsince shi. Na duba hannunsa na dama: fatar yatsu biyu ta saluɓe. Na duba keken. Gorar na nan cike, ta kumbura ta cika zobban, notin ya ƙi motsi.

Aka shimfiɗa shi a zaure kusa da babur. Ana ɗiga masa ruwa da ludayi, ana neman wanda ke da fetur a tankinsa don a kai shi asibiti. Ba a samu da wuri ba. Ya buɗe ido ya gan ni, ya yi ɗan murmushi.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Ba ta faɗi ba."

Kafin motar ta zo, ya cika.

A wurin zaman makoki mutane sun yi abin da suka saba: suka ce kwana ne ya ƙare, sannan suka sassauta murya suka nemi wanda ya ƙarar da shi.

"Maƙerin nan dama ya cika matse abu."

"Ko fartanyata haka ya yi mata."

Muntaka na zaune a bakin tabarma, yana jin su, yana jan carbi. Ina kusa da shi. Na buɗe baki, sai aka shigo da fura, na rufe. Na sake buɗewa, sai aka ce a yi addu'a. Mai digiri ba ya rasa dalilin yin shiru.

Ranar uku Ya Falta ta turo keken har ƙofar zaurena.

"Malam, kai ne mai ilimi. Ka ciro mini gorar nan. Ba na son ganinta a can."

Na murɗa, na murɗa, zufa ta jiƙa mini riga. Tana tsaye tana kallon ƙasa. Muntaka ne ya zo wucewa, ya tsuguna ba tare da an kira shi ba, ya zaro kurfinsa na yanka ƙarfe, ya ɗora ya doka sau biyu. Zobban suka rabu, ya tsince su ya sa a aljihu. Ya miƙa mata gorar da hannu biyu. Ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Damina na ƙaratowa, lokacin da maƙera ke cika da garma da fartanya. A shekarar nan kuwa mutanen unguwarmu sun kwashi nasu sun kai Dawakin Tofa, a ƙafa.

Wata safiya na shirya kalmomina tsaf, na tafi maƙerar. Babu kowa sai shi. Gawayinsa ya jiƙe da raɓa, wuta ta ƙi kamawa.

"Muntaka, game da takardar nan..."

"Wace takarda, Malam?"

Ya zaro ta daga aljihu, a ninke, sunana na leƙowa ta gefe. Ya cusa ta ƙarƙashin gawayi, ya ƙyasta ashana, ya ja zugazugi a hankali. Da wutar ta kama, ya ɗauki zobban nan biyu ya sa a ciki.