Kwandon Ulu a Ɗakin Tsofaffi

A asibitin garinmu, can kan tudu inda bas ke juyawa ta koma, ɗakin tsofaffin mata yana hawa na uku, kuma tun da aka gina shi ɗaure hannu ake yi a cikinsa. Ba don mugunta ba, in ji masu yi. Tsohuwa ce gigin tsufa ya kama, an sa mata ƙarin ruwa, kana juya baya ta fizge allurar, jini ya wanke zanen gado. Nas biyu ne ga ɗaki cike da gadaje, wa zai zauna gadinta? Sai a yanko bandeji a ɗaure mata wuyan hannu da ƙarfen gado, hagu da dama, a wuce ta gaba.

Radostina, ɗaya daga cikin nas-nas ɗin ɗakin, ta daɗe tana wannan ɗauri, har ta yi suna a kansa. In ita ta ɗaure, fata ba ta saɓulewa, yatsu ba sa kumbura. Likitoci kan ce, "A kira Radostina, ita ce mai hannu." Ba abin da ta tsana a duniya kamar wannan yabo, don duk ranar da aka yi mata shi ba ta iya cin abincin rana.

Ana cikin haka, da shigowar sanyi, aka kawo Iya Zlata daga wani ƙauye a saman dutse. Ta faɗi ta karya kwankwaso, ciwon ya ƙi warkewa, ga ƙoda ta taɓu, dole kullum sai an sa mata ruwa. Ɗanta ɗaya yana Sifen yana aikin gona, gidanta a kulle, ba inda za a sallame ta zuwa. Ba ta san shekarar da ake ciki ba, amma bakinta ras yake. Duk macen da ta sunkuyo kanta 'yarta ce, duk namiji kuwa mai karɓar haraji. Kwananta biyu ta cire allura sau ba adadi.

Radostina ta zo da bandeji a hannu, sai ta tsaya tana kallo. Ashe tsohuwar ba allurar take nema ba. Siririn bututun ruwan ta kama tsakanin babban yatsa da manuni, tana murzawa, tana ja, tana lasar yatsa, tana sake murzawa. Radostina ta san wannan motsi, a gaban kakarta ta girma. Zare matar nan take kaɗawa!

Washegari ta biya gidan gwaggonta ta ɗebo ulun tunkiya, ta wanke shi da ruwan zafi, ta shanya a kan murhu, ta zuba a ɗan kwandon da take zuwa kasuwa da shi. Ta ɗora wa Iya Zlata dunƙule ɗaya a kan ƙirji.

Tsohuwar ta shinshina, ta yatsina fuska. "Wace ƙazamar ce ta wanke wannan?"

"Ni ce, Iya."

"Na ga alama. Haka uwarki ta koya miki? Kawo nan, kada ki ƙara ɓata shi."

Shi ke nan. Ruwa ya shiga har ya ƙare, allura na nan inda aka sa ta. Kafin mako ya zagayo, tsofaffi huɗu ko biyar sun karɓi nasu, masu tsefewa na tsefewa, masu murzawa na murzawa, har faɗa ake yi a kan wadda zarenta ya fi siranta. Iya Zlata ce alƙaliya, kuma ba ta taɓa yaba na kowa ba.

Sista Nedyalka, shugabar nas-nas na ɗakin, wadda saura mata kaɗan ta yi ritaya, ta leƙo ta gani. Ta cire tabarau ta sa a aljihu.

"Ban ga komai ba," ta ce. "Ke ma ba ki nuna mini komai ba. Mun gama?"

Da an tsaya a nan, da an zauna lafiya. Amma abu ɗaya ya tsaya wa Radostina a rai: kwandon nata ne, ba na asibiti ba. Ranar da take hutu, ko in ta tashi aiki, masu karɓarta ba sa taɓa shi, don ba wanda ya rubuta musu su taɓa. Ta dawo ta tarar da shatin bandeji a hannun Iya Zlata, tsohuwar ta daina magana sai wajen azahar.

Sai ga shugaban asibiti, Dakta Hubenov, ya dawo daga wani taro a babban birni da sabuwar magana a baki. Za a ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa, kowa ya kawo sabuwar dabara, daga likita har mai shara. Aka manna takardu masu launi a bango, aka kira taro a ɗakin cin abinci, da kofi da banitsa mai zafi, wainar nan tamu ta fulawa da cuku. Kuma a yi masa adalci, da gaske yake. Mutum ne mai son a ce asibitinsa ya yi wani abu.

"Ki ci banitsarki ki yi shiru," in ji Sista Nedyalka a kan matakala. "Na ga shugabanni bakwai a gidan nan. Kowanne ya zo da takardar bangonsa."

"Haba Sista, shi ne fa ya ce a faɗa."

"Ya ce a faɗa. Bai ce a yi ba."

Radostina ba ta ji ba. Ta miƙe a gaban likitoci, ta ba da labarin ulu. Da farko aka yi dariya, wani likitan ƙashi ya ce to sai a kawo musu tumakin gaba ɗaya. Amma Dakta Hubenov ya buga tebur don murna.

"Kun ji ko? Irin wannan nake nufi! Ba na'ura, ba kuɗi, sai kai. Madalla, Sista Radostina. Wannan sai ya kai babban birni!"

Ya kuwa kai. Nan ne aka yi ta.

Ba a daɗe ba Dakta Hubenov ya kira ta ofis, ya ba ta kujera, har da ruwan lemo. Ya ce manya sun ji daɗi ƙwarai. Sun ce wannan sabuwar hanyar jinya ce, kuma duk sabuwar hanya sai wani kwamiti ya duba ta tukuna: tsabtar ulun, haɗarin tsohuwa ta haɗiye shi, yardar 'yan uwa. Kafin su ba da izini, ba a yin ta a kan majinyaci ko ɗaya.

Radostina ta ajiye kofin. "Ranka ya daɗe, ai muna yi. Wata guda ke nan muna yi."

"Kada ki sake faɗin haka a gabana, don Allah. A da ba ta da suna, ba wanda ya sani. Yanzu ta shiga hannun hukuma."

"To ɗaurin fa? Shi ba sai an duba shi ba?"

"Shi tsohuwar hanya ce, yana cikin ƙa'ida." Ya kasa kallonta. "'Yan makonni ne kawai. Ki yi haƙuri."

Da yamma aka saka kwandon a kabad ɗin ofishinsa aka murɗa makulli. Kai, takaici! Da bakinta ta je ta kai ƙarar kanta, har ana tafa mata.

Da safe lokacin sa ruwa ya yi. Iya Zlata ta miƙo hannu biyu tana jiran ulunta, ta ga bandeji.

"Ke 'yar nan, mene ne wannan?"

"Na ɗan lokaci ne, Iya."

"Me na sata?"

"Ba ki saci komai ba."

"To me na yi? Faɗa mini abin da na yi in ba da haƙuri."

Radostina ta ɗaure hagu. Tsohuwar ta fizge dama, ta kai mata duka a kafaɗa, dukan da ko yaro ba zai ji ba, tana kiran sunan mijinta da ya daɗe a ƙasa ya zo ya ga abin da ake mata a gidanta. Radostina ta kama hannun ta ɗaure shi da irin ɗaurin nan nata mai taushi. Ta fita ta shiga ɗakin ajiye zannuwa ta yi kuka har sai da Sista Nedyalka ta buga ƙofa ta ce gado na shida na nema.

Daga nan duk inda ta juya bango ne. Ta koma wa Dakta Hubenov ta ce ta janye shawararta, a manta ta taɓa magana. Ya ce abin da ya shiga kwamiti ba ya fitowa, kuma sunan asibiti na ciki. Ta ce a bar ta ta buga wa kwamitin waya da kanta. Ta buga, wata mata mai murya mai daɗi ta ce shugaban kwamitin ya tafi hutu, in ya dawo kuma akwai waɗanda suka riga su a layi. Ta nemi ɗan Iya Zlata a Sifen, ya ce shi duk abin da likita ya ce daidai ne, ya kashe waya don mai gona na kiransa.

Ran nan ta cusa ɗan ulu a aljihun rigarta. Sista Nedyalka ta tare ta a bakin ƙofa, ta miƙa tafin hannu.

"Ba ni."

"Sista, dunƙule ɗaya ne."

"Yanzu ido na kanmu, sarkin dabara. In aka gani, ni ce shugabar ɗaki, ni za a kora ana gobe ritayata. Kuma su soke abin naki gaba ɗaya, su ce kin karya doka, har abada ba mai sake jin maganar ulu a ƙasar nan. Haka kike so?" Ta karɓe ulun, muryarta ta sauka. "Kin ɗauka ni daɗi nake ji? Uwata ma mai kaɗi ce."

Radostina ta yi tunanin neman canjin ɗaki, ta koma wajen yara ko wajen haihuwa, inda ba za ta gani ba. Sai ta tuna wadda za ta gaje ta, wata nas da ke ɗaure mutum kamar buhun dankali. In ta tafi a ji wa Iya Zlata ciwo, in ta zauna ita ce mai ɗaurin. Ta zauna, kullum safiya tana yanka bandeji.

Sanyi ya yi ƙarfi ya fara sauka, kwamiti shiru. Iya Zlata ta daina duka, sannan ta daina zagi. Radostina ta fi jin zafin wannan, don da zagin ta san matar na nan. Takan tsokane ta, "Iya, yau ba za ki ce ni ƙazama ba ce?" Tsohuwar sai ta dubi silin.

To, ana nan sai Dakta Hubenov ya sanar da bikin karrama masu sababbin dabaru, kuma wa ya zo na ɗaya? Radostina. Izini bai zo ba, amma kyauta ta zo. Aka share ɗakin taro na ƙasa, aka gayyato magajin gari da mai ɗaukar hoto daga jaridar lardi, aka jera kujeru da furanni. Shugaba da kansa ya buɗe kabad ya miƙa mata kwandon.

"Ki riƙe shi a hoto. Ki ɗan ɗaga shi sama, ulun ya fito. Kuma ki yi murmushi, yau ranarki ce."

Ta karɓa. Ta bi bayansa a baranda har ƙofar ɗakin taro, tana jin ana gwada lasifika a ciki. Ya shiga. Ita kuwa ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi kwandon, ta dubi matakala, zuciyarta ta ce a kore ta in za a kore ta, ta gaji. Ta haye sama da sauri, farar rigarta mai guga tana kama mata gwiwa.

Ɗakin shiru, rana ta shigo ta taga har kan gadaje. Ruwan Iya Zlata ya kai rabi. Radostina ta ajiye kwandon a gefen gado, ta kwance hagu, ta zagaya ta kwance dama, ta jefar da bandejin a ƙasa.

"Iya, tashi ki ga abin da na kawo miki. Ulunki ne. Har yanzu da datti, sai kin gyara."

Hannuwan ba su motsa ba. Suna nan inda suke, ɗaya a jikin wannan ƙarfe, ɗaya a jikin wancan, ba abin da ke riƙe da su. Radostina ta ɗauko na dama ta ɗora a kan ƙirji, ta cusa ulun a tafin, ta naɗe yatsun a kai da nata yatsun, ta murza mata sau ɗaya, sau biyu, don ta tuna. Ta saki. Ulun ya gangara kan bargo, hannun ya koma a hankali ya kwanta a jikin ƙarfen gado.

Daga ƙasa aka ji an kira sunanta a lasifika, aka soma tafi. Sista Nedyalka ta iso bakin ƙofa tana haki, ta zo da niyyar faɗa, ta ga abin da ke gudana, ta tsaya a nan.

"Iya, don Allah," in ji Radostina. "Ni ce. Ki karɓa mana."

Sai a lokacin tsohuwar ta juyo da ido ta dube ta, kallon tausayi, irin wanda uwa ke wa yarinyar da ta yi ɓarna. Ta ɗan ɗaga wuyan hannunta ta matsa shi kusa da ƙarfen, daidai inda ake ɗaurewa.

"Maza ɗaura, 'yata," ta ce. "Kada su zo su yi miki faɗa."