Kaisar na Garin Kwaɗi

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu bai gama sakina ba.

Na gan ni a wani gari da aka gina cikin fadama. Gidajen na farin dutse ne, kwale-kwale na tafiya a kan tudu, dawaki kuma na iyo a lunguna. Na tambayi wata tsohuwa mai sayar da zaitun ko ina ne nan. Ta ce Rum ce. Na ce ai na ji Rum ƙaton birni ne. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta rage murya. "Waccan ta tsufa, ɗana. Sunan kawai muka ɗauko muka kawo nan."

Ban rufe baki ba sai sojoji suka ɗora ni a kan garkuwa, suka yafa mini wata alkyabba ruwan shuni. Shugabansu, Sarkin Yaƙi Baltarus, wani dogo mai jan gemu, ya durƙusa, amma ko a durƙushen ya fi ni tsawo.

"Ranka ya daɗe, daga yau kai ne Kaisar, sarkin Rum."

Na ce, "Ni Tanimu ne, tela. Me ya sa ni?"

"Ba ka da kowa a garin nan. Irinku muke so."

"Wanda ya riga ni fa?"

"Ya tafi hutu," in ji shi. Ya miƙo mini takalman sarauta. Na zura ƙafa, na ji su da ɗumi.

Sai ga ni a majalisar dattawa. Dattawan kwaɗi ne, kowanne da farin mayafi a kafaɗa. Na yi tari, suka ce sun amince. Na ce ai ban faɗi komai ba, suka ce sun amince da wannan ma. Abin da ya dame ni, ba ni suke kallo ba. Duk idonsu na kan gemun Baltarus da ke tsaye bayan kujerata.

A farfajiya na tarar da wani magini yana murɗe kan wani mutum-mutumi kamar murfin kwalba. Ya cire, ya jefa cikin kwando cike da kawuna, ya zo ya zagaya wuyana da igiya.

Na ce, "Na dutsen kake aunawa ko nawa?"

Ya ce, "Awon ɗaya ne, ranka ya daɗe."

Daga nan aka ce Iyakar Ƙasa ta zo gaisuwa. Wani dogon jan layi ne, ya shigo yana jan ciki, ya kwanta a ƙofar gari. Na tambayi Baltarus, ba can wajen manyan koguna ya kamata ta tsaya ba? Ya ce ƙaunar Kaisar ce ke sa ta matsowa kullum.

Aka kawo abinci, gasasshen kifi da gurasa. Mai ɗanɗana abincin Kaisar ya shigo, kansa a sunkuye. Da ya ɗago sai na ga Yaya Haladu ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Ya gutsuri kifin ya tauna, ya matso kamar zai gyara mini faranti.

"Kada ka nuna ka san ni," in ji shi. "Cire wannan tsumman, Tanimu. Na ɓoye kwale-kwale a bayan madafa. Mu tafi gida."

Na ce, "Yaya, idan na cire wa zai sa?"

"Ina ruwanka da mai sawa?"

Na dube shi da kyau. Ƙirar jikinmu ɗaya. Alkyabbar za ta zauna masa daidai, wataƙila ma ta fi yi masa kyau. Kuma yaya aka yi ya riga ni zuwa garin? Wa ya ba shi aikin? Na lura ɓangaren kifin da ya ci, shi ya zaɓa da kansa. Na ture farantin.

"Ka ci mana," in ji Yaya. "Tun safe cikinka ba komai."

Wannan nacin ma bai kwanta mini ba.

Rana na tsaka aka buga ganga. Baltarus ya ce al'ada ce, kullum kafin azahar sai Kaisar ya zargi mutum ɗaya. Idan bai samu ba, sojoji su taya shi nema, su kuma yawanci daga wanda ke kan kujerar mulki suke farawa. Na dubi kwaɗin, na dubi maginin da igiyarsa. Na dubi Baltarus, bakina ya buɗe, sai na ga hannunsa a kan takobi, yana yi mini murmushi kamar mai lallashin yaro. Yatsana ya tashi da kansa, ya kauce masa, ya tsaya a kan Yaya Haladu.

Kwaɗi suka ce sun amince.

Yaya bai yi musu ba. Hukuncin shi ne a fitar da shi daga daular, kuma ba a sha wahala ba, don Iyakar ta riga ta shigo tsakar fada. Ya tsaya a bakinta, ya juyo.

"Kifin lafiya lau yake, Tanimu. Na gobe ne ban sani ba."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Taku ɗaya ya yi, amma nan take ya koma ɗan mitsitsi, can nesa, kamar mai tafiya a ƙarshen gona. Na ƙwala masa kira. Aka ce murya ba ta fita sai da izinin Sarkin Yaƙi.

Goben ba ta jira dare ba, kawai ta shigo. Na gan ni a kan kujera, Iyakar ta ratsa tsakanin ƙafafuna, dama tana cikin daular, hagu tana waje. Ta taga na hango sojoji sun ɗora wani baƙo a kan garkuwa, yana ta rantsuwa shi manomi ne. Baltarus ya shigo da kwano a hannunsa, romo na tururi.

"Ba mu da mai ɗanɗanawa yanzu, ranka ya daɗe. Shi ya sa na dafa da kaina."

Na ce ba na jin yunwa.

"Kaisar yana jin yunwa," in ji shi, ya sa mini cokali a hannu.

Na leƙa bayansa ko zan ga wanda na sani. Babu kowa. Na ɗebo romon, na kai shi bakina. Sai na ji ƙasa ta ɗauki wani gurnani, ya taso ya mutu, ya taso ya mutu.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Babur ɗin Yaya Haladu ne a ƙofar gida ya ƙi tashi, Yaya na ta dukan kik yana mita. Na fita ba takalmi, na kama bayan babur ɗin na fara turawa.

"Lafiya, Tanimu?" in ji shi.

Na ce, "Hau kawai, Yaya."