Kowa Da Ƙunshinsa

Duk wanda ya ci tsire a babbar kasuwar Garwa ta Kamaru a zamanin shugaba Ahijo ya san Kawu Mahamman. Mahauci ne ɗan mahauci, ga faɗa ga kyauta, ka rasa wanne ya fi yawa. Shi ya riƙi Salamatu, 'yar ƙanwarsa, tun tana rarrafe, shi kuma ya kama hannunta ya kai ta boko ranar da dangi kaf suka ce ya zautu. Da wuƙar nan tasa ya ɗora ta har makarantar koyon jinya, yana mita yana biya.

A shekararta ta ƙarshe aka tura ta staj, wato koyon aiki, cikin ayarin da ke bin garuruwa yana duba manyan cututtuka. Mai kula da ɗalibai wata likita ce, Madam Denise, 'yar siririyar mace mai sanyin murya wadda ta yi karatu a ƙasashen waje. Ita ta zo da labarin cewa wata ƙungiyar lafiya ta duniya ta ba arewa gurbi ɗaya tak: karatu a Dakar kan lafiyar jama'a da haƙƙin majinyaci, daga nan koyon aiki a Turai. Salamatu ta ƙwallafa rai. Sai dai ba mai tafiya sai shugaban ayari ya sa masa hannu, shugaban kuwa shi ne Baba Hubert.

To, Baba Hubert ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutumin kudu ne da ya tsufa a aikin, ya ceci mutanen da shi kansa bai san adadinsu ba. Amma yadda aka koya masa haka yake yi. A jera mutane gindin bishiya, kowa ya tuɓe riga, a ce rufe ido, a goga maka auduga a inda fata ta yi fari. In ba ka ji ba, ya zaro alli daga aljihu ya shafa maka a kafaɗa, ya ɗaga murya ya faɗi sunan ciwon, kuturta, gaban surukanka da masu bin ka sallah. Magani kam za ka samu. Abin da zai faru da kai bayan motarsu ta tashi, wannan ba ya cikin aikinsa.

Wata ranar kasuwa Salamatu ta biya ta rumfar kawunta. Yana juya tsire yana zazzaga wa wani dillalin shanu masifa, gefen ƙaramin yatsansa na kwance a kan wayar gashi, fatar har ta fara ƙauri, shi bai ma sani ba.

Ta ce a hankali, "Kawu, hannunku."

Ya duba, ya janye, ya ja hannun riga da sauri. Amma ta riga ta ga farin tabon da ke damtsensa. Da dillalin ya tafi, ya zauna a kan benci kamar an zare masa laka.

"Kin gani ke nan, Salame."

"Na gani, Kawu. Yana da magani. In kuka fara sha yanzu, yatsunku za su tsira."

"Yatsun da zan yi me da su? In Hubert ya shafa mini allin nan, ko kare ba zai ci namana ba." Sannan ya ce, "An ce satin nan mahauta za ku zo. Ke kike riƙe auduga, ko? Ki ce na ji. In ba za ki iya ba, in tafi garin Maiganga sayen shanu sai kun wuce."

Wallahi ta ji tausayinsa har cikin ƙashi. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko goro ba, yau ita yake roƙo. Ta san kuma in ta yi masa abin da yake so, ciwon zai ci gaba da cinsa a ɓoye har wuƙar ta gagare shi riƙewa.

Washegari ta sami Madam Denise, ta fara kame-kame, wai akwai wani mutum, wani mai sana'ar abinci. Madam ta ɗaga mata hannu.

"Ban tambaye ki ko wane ne ba, ba kuma zan tambaya ba. Ƙarya dai ba za ki yi ba. Magani haƙƙinsa ne, rufin asiri ma haƙƙinsa ne. Ki nemo yadda zai sami duka biyun, wannan shi ne karatun da kike son zuwa Dakar ki yi. Amma Hubert ke za ki tunkare shi. In na sa baki zai bi don dole, ranar da ba na nan ya koma wa allinsa."

Dabarar a rumfar kawun ta samo ta. Tun tana ƙarama ta san halinsa: matar da ta sayi tsoka da wadda ƙashi kawai ta iya saye, ƙunshi iri ɗaya yake yi musu da takardar buhun siminti, don kada maƙwabta su gane ta hanya. Ta ɗauki wannan ta je wa Baba Hubert da shi. Ta ce a kafa zana, kowa ya shiga shi kaɗai, kowa kuma ya fito da ƙunshi. Mai lafiya a ƙunsa masa nibakin na zazzaɓi, mai ciwo a ƙunsa masa nasa.

Tsohon ya kalle ta ta saman tabarau.

"Ɗaliba ce yau za ta koya mini aiki? Kin san da hannun wa ake zuwa Dakar?"

"Na sani, Baba. Da naku ne."

"Kuma kika zo."

"Na zo, Baba. Mahauta ne. In aka faɗi sunan ciwon mutum ɗaya a fili, an yanka masa sana'a har 'ya'yansa."

Ya ja tsaki mai tsawo. Ya ce to, a mahauta kaɗai, kuma in aikin ya wuce azahar kada ta ƙara yi masa zancen Dakar, don shi ba ya tura mai ɓata lokaci ta ba arewa kunya a ƙasar mutane.

Ranar ta zo. Salamatu ta aro zana biyu, ta kafa a bayan mahauta, ta tara ƙunshe-ƙunshe cikin kwando. Mahauta kuwa, kowa ya san su da tsiya. Wannan ya shiga ya ce shi amarya ce aka kai ɗaki, wancan ya fito yana ɗaga ƙunshinsa yana cewa gwamnati ta fara ba da gyara. Layi na tafiya kamar ba ya tafiya, Baba Hubert na duba agogo yana ƙunƙuni da Faransanci.

Sai ga Kawu Mahamman ya shigo. Bai gudu Maiganga ba. Bai kalli Salamatu ba, ya tuɓe riga ya rufe ido. Ta tsaya riƙe da audugar, Baba Hubert ya karɓe ta da kansa. Ya goga a tabon. Shiru. Ya sake gogawa. Kawu na tsaye yana jiran a taɓa shi.

Hannun Baba Hubert ya tafi aljihun alli da kansa, ya cika ƙirji da iska yadda ya saba. Sai idonsa ya faɗa kan Salamatu. Ya dube ta, ya dubi mahaucin, ga hancin nan iri ɗaya, ya gane. Ya daɗe hannunsa na cikin aljihu, sannan ya zaro shi babu komai. Ya matso kusa da kunnen Kawu, da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Ƙwaya ɗaya kullum, ba fashi. Wuta kuma ka riƙa kallonta da ido, hannunka ba zai faɗa maka ba."

Kawu ya fita da ƙunshinsa kamar kowa, yana faɗa wai an ɓata masa ciniki a kan maganin zazzaɓi.

Ba a gama ba sai bayan la'asar. Baba Hubert ya shiga mota ko kallonta bai yi ba. Salamatu ta naɗe zana ta mayar wa masu ita, ta koma gida ta yi kukanta ta ƙoshi. Dakar ta kuɓuce mata, ta sani, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma ko a cikin kukan ba ta ji da-na-sani ba.

Ranar Juma'a ta bi ta kasuwa don ta ga ko kawun na shan maganin. Tun daga nesa ta ja ta tsaya. Baba Hubert ne a gaban rumfar, da farar rigar aikinsa da kowa ya sani, yana karɓar tsire daga hannun Kawu Mahamman yana kaiwa baki, yana ƙorafi da ƙarfi wai yajin ya yi kaɗan. Mutumin da duk Garwa ta san idonsa ba ya kuskure ciwo, shi ne tsaye yana ci, mutane na wucewa suna gani.

Ya hango ta, ya yafito ta da tsinke.

"Ke ɗaliba. Kin ɓata mini yini guda, ban manta ba. Ki je ki ɗauki hoton fasfo, Madam na jiranki." Ya haɗiye loma. "Wannan tsohon kuma ki bar mini shi. Duk Juma'a ina nan."

Salamatu ta durƙusa a nan cikin kasuwa. Godiya ta cika mata ciki, ta Madam, ta Baba Hubert mai baƙin faɗa, ta Allah da ya haɗa ta da su. Kawu kuwa ya duƙufa a kan wuƙarsa. Yanka kawai yake yi yana tarawa a takarda, yana ƙarawa, nama har yana zubowa. Baba Hubert ya miƙa hannu ya kama nasa, wancan mai ƙunar, ya riƙe gam a gaban jama'a.

"Ya isa haka, Mahamman," in ji shi. "Ni kaɗai zan ci."