Kwanar da Kawu Jatau Yake Zama

Jiya da dare wani irin mafarki ya ɗauke ni, ya dire ni a filin tserenmu. Ni direban ƙananan motocin tseren nan ne marasa rufi, waɗanda mutum ke zama kamar a tabarma. Koci Magaji ya riga ya gaya mini: in gwajin yau bai yi kyau ba, wani zai ba kujerata. Da wannan fargabar na kwanta.

Filin yana nan yadda na san shi, sai dai ruwan sama daga ƙasa yake tashi, 'yan kallo sun riƙe lema a ƙarƙashin ƙafafunsu. A ofishin Koci wata akuya ce zaune da tabarau. Ban yi mamaki ba, don ta fi shi fara'a.

"Nafi'u, kawo na'urar," in ji ta.

Na ciro 'yar na'urar da ake maƙala wa mota, mai naɗe bayanan gudu da birki da totur. Akuya ta tauna ta a natse, sannan ta zaro wata doguwar igiya daga bakinta, ta shanya a tsakar fili. Gudun nawa ke nan. Igiyar ta miƙe sambal, sai a kwanar gindin darbejiya ta yi ciki har ƙasa.

"Tayar ce," na ce.

"Taya ta rantse ba ita ba ce."

"To birki."

"Birki ya tafi biki. Ƙafarka ce. Nan kake ɗaga ta, kuma hannunka na dama yana barin sitiyari. Wa kake gaisarwa?"

Sai ga ni a kwanar. Kawu Jatau, wanda ya koya mini tuƙi, yana kan bencinsa yana ɓare gyaɗa, ɓawon na tashi sama. Kunya ta kama ni. Ashe kowane zagaye sai na sassauta na ɗaga masa hannu, don a gidanmu ba a wuce babba a guje.

Na durƙusa. "Kawu, ina wuni?"

"Ka dame ni," ya ce. "Duk zagaye 'ina wuni', kamar wunin yana canjawa. Zauna ka yi gaisuwar gaba ɗaya."

Na gaishe shi ta zagayen farko, na gaishe shi ta na ƙarshe, na tambayi gajiya da iyali da ƙafarsa mai ciwo. Ya amsa duka, akuya tana buga hatimi a iska.

"To tashi," in ji Kawu. "Ni ƙeyarka na zo kallo, ba fuskarka ba."

Na shiga mota. Da na iso kwanar na danne totur, hannuwana biyu a sitiyari. Igiyar ta miƙe har tsuntsaye suka sauka a kanta. Wani daɗi ya cika ni, ina dariya ina hawaye, hawayen suna hawa goshi.

Ƙarar kankare tukunya ce ta tashe ni, matata a tsakar gida. Na jima a zaune bakin gado. Tun bara Kawu Jatau ya rasu, bencin nan babu kowa a kansa, amma ƙafata ba ta daina ɗagawa ba.

"Ba da hantsi ne gwajin ba?" in ji matata, ganin ina neman takalmi.

"Da hantsi ne. Zan fara biyawa maƙabarta in gaida Kawu."