Kafaɗar Hagu ta Jawad

Lalla Zhor ce ta shayar da Jawad, kuma duk layinsu a garin Sala an san da haka. Lokacin da maƙwabciyarta Mbarka ta haife shi nononta bai kawo ba, ita kuwa Zhor tana goyon Nawfal, sai ta haɗa su biyu, wannan a dama wancan a hagu. Yau hoton Jawad ne manne a shagon aski, Mbarka ce ke shiga gidan wankan matan unguwa da awarwaron zinare ta ƙi cirewa don a gani. Nawfal kuwa, ɗan cikin Zhor, aikinsa ya tsaya Jawad ya koyi duka a jikinsa.

Haka damben keji yake, wanda ake haɗa naushi da kokawa a cikin kejin raga. Duk wanda ya yi suna yana da abokin atisaye da ba a jin sunansa. In Jawad zai kara da bahago, Nawfal ya koma bahago. In ɗan kokawa ne, Nawfal ya wuni yana kai shi ƙasa. Kunnuwansa sun murɗe kamar busasshen ɓaure, hancinsa ya karkace, ga shekara talatin na ƙwanƙwasa ƙofa, har yanzu gadin kanti yake yi. Zhor takan dube shi yana cin burodi da gefen baki ɗaya.

Abin da ya fi ci mata rai, Jawad bai taɓa raina ta ba. Da ya raina ta da ta samu abin riƙewa. Mama yake ce mata, ya sumbaci kanta, kuma tun da kafaɗarsa ta hagu ta fara gocewa wurinta yake zuwa a ɓoye ta murza masa da man zaitun, don kada likitan masu shirya wasa ya ji a cire shi. Tana murzawa tana jin ƙashin na wasa a ƙarƙashin yatsunta. Ya tashi ya koma gidan uwarsa da kyautar turare daga Abu Dabi. Ita kuwa Zhor an taɓa kawo mata dabino.

A gidan wanka ta ji labarin, daga bakin Mbarka da kanta.

"Kin ji wanda zai kara da Jawad a Kasablanka ya karya hannu?" in ji Mbarka, tana zuba ruwa a kai, awarwaro na kaɗawa. "Wai masu wasan Nawfal suke so ya maye gurbin, tunda nauyinsu ɗaya. Wanda ya ci, kwantiragin Abu Dabi nasa ne. Kocinsu Si Larbi ya ce musu 'yan gidan atisaye ɗaya ba sa shiga keji tare. Ni dariya ma na yi."

"Dariyar me?"

"Haba Zhor. Ai taimakon yaron aka yi."

Zhor ta fito da sabulu a bayan kunne. Ba ta biya gida ba, ta zarce gidan atisayen, wanda ke ƙarƙashin gidan burodi, ta sauka matakala tana riƙe da bango. Samari suka tsaya cak. Ta taka katifar atisaye ta nufi kocin.

"Lalla Zhor, takalmi," in ji Si Larbi.

"Fuskar ɗana ake takawa a nan kullum, ba ka ce komai ba, sai katifa? An nemi Nawfal, ka amsa da bakinsa. Ka tambaye shi?"

"Doka ce, Lalla. Ba ni na ƙirƙiro ta ba. Yaran nan sun san sirrin juna, ba a haɗa su. Balle waɗannan, nono ɗaya suka sha."

"Nonon wa? Naka? Ni na ba su, ni zan ce ya hana ko bai hana ba. Ban yi makaranta ba, Si Larbi, amma na iya ganin wanda ake ci da wanda ke ci. Ɗaya ka yi masa riga mai suna a baya, ɗaya ka mai da shi buhun duka. Haƙƙinsa na zo karɓa."

Jawad na zaune gefe yana kwance bandejin hannu. Ya yi murmushi. "Mama, in yana so ya zo mana. Zan lallaɓa shi, ba zan ɓata miki shi da yawa ba."

Samarin suka yi dariya. Nawfal, da ke tsaye riƙe da matashin da ake naushi, bai yi ba. Ya ajiye matashin a hankali.

Si Larbi ya dube shi. "In ka karɓa, ka kwashe kayanka yau. Ba zan tsaya a kusurwoyi biyu ba."

Nawfal ya kwashe.

Ya koma atisaye a wani gareji wurin wani tsohon ɗan kokawa, ya rage ci don ya sauko nauyi, kullum sai kaza dafaffiya ba mai. Ana gobe zai tafi, Zhor ta same shi a tsakar gida yana haɗa jaka.

"Kafaɗarsa ta hagu," ta ce. "In ka murɗa ta baya, ko yaro ya murɗa za ta fita."

Bai ɗago ba. "Na fi ki saninta, Mama. A hannuna ta fara gocewa. Abin da aka gani a katifa, a katifa yake tsayawa."

"To ai ka bar katifar. Sun kore ka."

"Ɗan'uwana ne."

"Ɗan'uwanka ne ya ce zai lallaɓa ka a gaban mutane. Uwarsa ta yi mini dariya ina tsirara. Ka je ka yi masa kara, ka dawo ka ci gaba da buɗe wa mutane ƙofar kanti har gemunka ya yi fari. Amma kada ka sake shigo mini da kunne a kumbure ka ce in huda."

Ya zuge jakar, ya sumbaci kanta, ya fita.

Ranar wasan Zhor ta kunna talabijin ita kaɗai, ta bar taga a buɗe. Gidan Mbarka na kallon nata, cike da mata da yara, har da masu leƙe ta ƙofa. Duk naushin da Jawad ya kai sai guɗa ta tsallako layi ta shigo mata ɗaki. Zagayen farko Jawad ya fasa wa Nawfal gira. A na biyu Nawfal ya kai shi ƙasa, ya hau kansa, hannun hagun Jawad na nan a sake a gabansa, ya bar shi ya nemi wuya, Jawad ya suɓuce. Zhor ta cire silifa ta jefi bango.

A na uku jini ya rufe wa Nawfal ido ɗaya. Alƙalin wasa ya duba, ya ce a ci gaba. Suka sake faɗuwa jikin raga. Wannan karon Nawfal ya kama wuyan hannun hagun, ya zura nasa ta ƙarƙashi, ya juya shi baya. Jawad bai buga ƙasa alamar sallamawa ba, girman kai ya hana shi. Zhor ta san daidai inda ƙashin zai tsalle, ta ga ya tsalle. Alƙali ya faɗa tsakaninsu.

Gidan Mbarka ya yi tsit. Zhor ta je bakin taga ta rangaɗa guɗa, doguwa, har numfashinta ya ƙare. Babu tagar da ta amsa.

Ranar da suka dawo ta tashi da wuri ta turara kuskus, babban faranti, da naman rago da kabewa da albasa mai zabibi a kai. Ta shimfiɗa sabon mayafin kujera. Ta zauna. Ta ga mai aski ya wuce ƙofarta ya shiga ta Mbarka da ledar lemo. Ta ga matar liman, ta ga samarin gidan atisaye, ta ga Si Larbi, wanda ko kallon gidanta bai yi ba. Wata mata da ta saba kawo mata jikarta tausa ta hango ta, ta gyara gyale, ta ƙara sauri. Jakar Nawfal na nan a soro inda ya jefar da ita, kwantiragin Abu Dabi a ciki, shi ba ya nan.

Har a faɗuwa gidan Mbarka ne ke cika.

Da kuskus ya fara hucewa, ta ɗauki farantin ta tsallaka layin. Aka dare mata hanya. A falo Jawad na jingine da matashi, hannu a rataye a ƙirji. Nawfal na durƙushe gabansa da ɗinki a gira, yana ba shi miyar harira a cokali. Mbarka na tsaye kansu, awarwaro na kaɗawa, tana shafa ƙeyar Nawfal.

"Kai ma ka sha, ɗana, tun jiya ba ka ci komai ba."

"Yana da uwa," in ji Zhor. Ta dire farantin a tebur. "Kuma shi ya ci wasan, ko ba a faɗa muku ba? Babu mai bakin cewa barka a cikinku?"

Mai aski ya ce barka a ciki-ciki. Nawfal bai juyo ba.

Ta matsa kusa da Jawad. Kafaɗar ta kumbura har wuya, ta yi shuɗi. Hannunta ya tafi da kansa, yadda ya saba.

Jawad ya karkata jiki, ya kawar da kafaɗar, da kyar, yana cije leɓe.

"Bar ta, Mama," ya ce. "Kin riga kin san inda take."

Ya buɗe baki, Nawfal ya miƙa masa cokali. Zhor ta tsaya da hannu a iska. Daga inda take tana jin ƙanshin miyar, ta san Mbarka ta cika mata tumatir kamar kullum, ga Nawfal ya ɗebi cokali guda ya kai nasa bakin.